Ɗan'uwan Wake Da Ya Kusa Ɓacewa

Duk wanda ya taɓa shiga gonar wake da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, ya san kamannin furensa. Akwai ganye ɗaya babba a sama kamar tuta, da biyu a gefe kamar fikafikai, sa'an nan na ƙasa wanda ya haɗe kamar ɗan kwalekwale. Haka furen gyaɗa yake, haka na gujiya, haka kuma na waken soya. Dukansu dangi ɗaya ne. Masanan tsire-tsire sun ƙidaya iri fiye da 19,000 a cikin wannan dangi a duniya. Har manyan itatuwa kamar gawo, da ɗorawa, da bagaruwa suna ciki, ko da yake furensu ya sha bamban. Alamar da ta haɗa su ita ce, 'ya'yansu a cikin kwasfa suke.

A wannan wata muna so mu kai ku ziyara wurin wani ɗan wannan dangi da yake zaune nesa ƙwarai, a yammacin ƙasar Amurka. Sunansa lufin na Kincaid. Ba a cinsa, gama 'ya'yansa suna da ɗaci da dafi. Ba a kai shi kasuwa. Duk da haka sa'ad da ya kusa ƙarewa, mutane suka farga cewa ba shi kaɗai zai tafi ba. Ga labarinsa.

Inda Yake Zaune

A jihar Oregon, kusa da Tekun Fasifik, akwai wani kwari mai faɗi da ake kira Wilamet, sunan kogin da ya ratsa shi ke nan. Tsawonsa kamar mil 150 ne, da jerin duwatsu gabas da yamma. Birnin Fotland yana wajen arewa, birnin Yujin kuwa yana kudu. Yanayin wurin ba irin namu ba ne. A can damina da sanyi tare suke zuwa: ruwa yakan yi ta sauka tun daga wajen Nuwamba har bazara. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina, su rani suke yi, ciyawa ta bushe ƙayau.

Shekara 200 da suka wuce, yawancin wannan kwari sarari ne na ciyawa da furannin jeji, da itatuwan oak ɗai ɗai nan da can. An kiyasta faɗin filin ciyawar ya kai wajen eka miliyan 1. A kan tudu tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, nan lufin yake tsiro.

Tsayinsa kamar ƙafa 2 ne. Ganyensa yana kama da na rogo, wato kamar tafin hannu da yatsu a buɗe, sai dai yatsun nasa sirara ne, daga 7 zuwa 13. A watan Mayu da Yuni yakan fid da kara, furanni su jeru kewaye da shi kamar zangarniyar gero. Launinsu tsakanin shuɗi da shunayya ne, suna da ƙanshi, ba sa daɗewa kuma sukan koma ƙasa-ƙasa. Manyan ƙudan zuma na jeji su ne suke kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. In babu su, 'ya'yan da zai yi kaɗan ne. Sa'ad da kwasfa ta bushe takan fashe farat ɗaya, ta watsar da iri 'yan taku kaɗan daga gindin uwa. Da rani ya yi tsanani sai ganye ya bushe duka, mai wucewa ya ce ai ya mutu.

Amma bai mutu ba. Ƙarfinsa a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwarsa takan shiga ƙasa da zurfi, ta kuma miƙa gefe da gefe tana tohuwa a wurare dabam dabam, har abin da ido yake gani kamar tsiro goma ya zama guda ɗaya ne. Tsiro ɗaya yakan yi shekaru masu yawa. A jikin saiwar akwai 'yan ƙulle-ƙulle, irin waɗanda muke gani in mun tuge wake ko gyaɗa. A cikinsu waɗansu ƙwayoyin halitta suke zaune, waɗanda ido ba ya gani, suna jawo abincin shuka daga iska suna ba tsiron. Wannan ne dalilin da ya sa iyayenmu suke haɗa wake da gero a gona ɗaya, ƙasa kuwa ta ji daɗi. Abin da wake yake yi wa gona, shi lufin yake yi wa filin ciyawa.

Baƙo Mai Fikafikai

Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a wannan kwari. Faɗin fikafikansa a buɗe kamar inci 1 ne kawai. Na namiji shuɗɗa ne masu sheƙi, na tamata kuwa ƙasa-ƙasa. Wani masani mai suna Ralph Macy ya rubuta bayaninsa a shekarar 1931, ya kuma raɗa masa sunan abokinsa Kenneth Fender, wani ma'aikacin gidan waya mai raba wasiƙu, wanda yake sha'awar tattara ƙwari a lokacin hutunsa. Shi ya sa ake ce masa shuɗin Fender.

Rayuwar wannan ƙwaro duka a ɗaure take da lufin. A watan Mayu tamatar takan bi ganye ganye, ta ajiye ƙwai ɗai ɗai a bayan ganyen lufin na Kincaid. Akwai waɗansu lufin iri biyu da takan yi maneji da su a 'yan wurare, amma ban da waɗannan ba ta yarda da wani ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta fito ta ci ganye na ɗan lokaci. Da tsiron ya fara bushewa sai ta gangara gindinsa, ta shige cikin busasshen ganye, ta kwanta. Haka za ta yi ta barci, rani ya wuce, ruwa da sanyi su wuce, wajen wata takwas ko tara ba ci ba sha. Sa'ad da lufin ya sake tohuwa sai ta farka ta hau cin sabon toho, ta yi ƙiba, ta ƙanƙame kamar ƙwayar wake, daga nan ta fito da fikafikai. Bayan wannan doguwar jira, kwanakinta na tashi ba su fi kamar 10 ba. A cikinsu za ta sha ruwan furanni, ta sami miji, ta sa ƙwai, ta mutu.

Akwai kuma na uku a cikin wannan zama, wato tururuwa. Tsutsar tana da wani wuri a bayanta da yake tsattsafo da ruwa mai zaƙi. Tururuwa sukan zo su lasa, su kuma tsaya suna gadinta daga ƙwarin da suke so su cinye ta ko su sa mata ƙwai a jiki. Kamar dai makiyayi da saniyarsa: ita ta ba da nono, shi ya kore mata kura.

To, ga fure, ga ƙudan zuma, ga malam-buɗe-littafi, ga tururuwa, kowa yana riƙe da wani. Saura ɗaya ba mu ambata ba, shi ne mutum.

Masu Riƙe Da Wuta

Kwarin Wilamet yana samun ruwa isasshe wanda zai mai da shi kurmi. Duwatsun da suke kewaye da shi ma cike suke da dogayen itatuwa. Me ya hana itatuwan nan mamaye kwarin? Mutanen wurin ne suka hana.

'Yan asalin ƙasar, ƙabilar Kalafuya, sun zauna a kwarin shekaru dubbai kafin zuwan Turawa. Ba su yi noma da garma ba, amma sun san yadda za su sa fili ya ciyar da su. A ƙarshen rani, bayan furanni sun zub da iri, sukan sa wa ciyawa wuta. Wutar takan bi ta sama da sauri, ta kashe 'ya'yan itatuwa da sarƙaƙiya, ta bar saiwoyin da suke ƙasa. Bayan wucewarta mata sukan bi da kwanduna suna kaɗe wani irin ƙwaya mai mai da suke niƙawa su ci. Sukan tsinci soyayyun fara. Da ruwa ya sauka sai ɗanyar ciyawa ta fito, barewa ta zo kiwo inda maharba suke jiranta. Fili a buɗe kuma shi ne wurin wani tsiro mai suna kamas, mai kai kamar albasa, wanda sukan haƙa su gasa a rami, babban abincinsu ke nan.

Wani Bature ɗan Sikotlan mai tattara tsire-tsire, David Douglas, ya ratsa kwarin a shekarar 1826. A littafin tafiyarsa ya yi ta kukan yadda ya tarar da ƙasa a ƙone, har dawakinsa suka rasa abin ci. Abin da ya gani kamar ɓarna, shi ne aikin da yake riƙe da filin. Lufin yana son rana, ba ya jure inuwa. Wutar Kalafuya ce take share masa wuri kowace shekara.

Yadda Fili Ya Ƙare

Daga shekarar 1830 zazzaɓin cizon sauro ya shiga kwarin, cutar da mutanen wurin ba su saba da ita ba. Da ma agana ta riga ta yi musu ɓarna. Mutanen da a dā dubbai ne, kafin 1850 'yan ɗaruruwa suka rage. A cikin shekarun 1840 kuma ayarin Turawa suka fara kwararowa daga gabas da kekunan shanu suna neman ƙasar noma. Sun ga fili shimfiɗe ba kututture, ba sai an sare itace ba, suka sa garma. Suka hana sa wuta, gama suna tsoron ta cinye musu gidaje da shinge da hatsi. A shekarar 1855 aka yi yarjejeniyar da ta karɓe ƙasar, a 1856 kuwa aka kwashe sauran Kalafuya aka kai su wani keɓaɓɓen wuri da ake kira Grand Ronde.

Daga nan abu uku suka haɗu a kan lufin. Na fari, garma da gine-gine. Yau yawancin mutanen Oregon a wannan kwari suke zaune, gonaki kuwa sun cika shi: na inabi, na itatuwan 'ya'ya, da na irin ciyawar da ake sayarwa domin shuka filayen ƙwallo da ƙofar gidaje. Na biyu, rashin wuta. Inda garma ba ta kai ba, itatuwa suka tsiro suka rufe rana. Na uku, baƙin ciyayi da aka kawo daga ƙetare, dogayen ciyawar kiwo da wata sarƙaƙiya mai ƙaya, waɗanda suka fi lufin saurin girma suka danne shi.

Abin da ya rage na ainihin filin ciyawar nan bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Lufin ya koma zama a bakin hanya, da gindin shinge, da tsofaffin makabartu, da kan tudun da ya fi ƙarfin garma. A tsibirin Bankuba na ƙasar Kanada, inda a dā ake samunsa, ya ƙare ɗungum. Guntayen wuraren da suka rage kuma sun yi wa juna nisa. Irin lufin ba ya tafiya sai 'yan taku, shuɗin Fender kuwa a duk kwanakinsa da wuya ya wuce mil 1 ko fiye kaɗan. In na wani wuri suka mutu, babu maƙwabcin da zai zo ya maye gurbinsu.

Shekara 52 Ba Labari

An ga shuɗin Fender a shekarar 1937, daga nan shiru. Masana suka ɗauka ya ƙare a duniya. Sai a 1989 wani masanin ƙwari mai suna Paul Hammond ya hau wani tudu kusa da garin Kobalis, ya tarar da su suna shawagi a kan lufin. Ashe shekara 52 ɗin nan suna nan, suna ta maimaita zagayensu a 'yan wuraren da ba mai kula.

Ƙasar Amurka tana da dokar kare halittun da suke bakin ƙarewa, wadda aka kafa a 1973. A shekarar 2000 aka sa su biyun a ƙarƙashinta: malam-buɗe-littafin a layin waɗanda suke bakin ƙarewa, lufin kuwa a layin waɗanda suke cikin hatsari. A lokacin, dukan shuɗin Fender da aka sani bai kai 4,000 ba.

Mutum zai iya cewa, to, sai a kewaye wuraren da waya a hana kowa shiga. Amma masu aikin suka ga cewa filin da aka kulle aka bari, cikin 'yan shekaru sarƙaƙiya da itatuwa suke cinye shi. Wannan fure ya saba da hannun mutum tun dā. Barinsa shi kaɗai ma kashe shi ne, a hankali.

Aikin Gyara

Sai aka komo ga wuta. Amma ga matsala: tsutsar nan tana barci a cikin busasshen ganye, wuta kuwa tana kashe ta. A zamanin Kalafuya fili yana da yawa, in nan ya ƙone can bai ƙone ba. Yanzu da fili ya zama ɗan kaɗan, wuta ɗaya tana iya shafe zuriya duka.

Wata masaniya, Cheryl Schultz, da abokan aikinta suka yi shekaru suna gwaji da lissafi. Shawarar da ta fito ita ce a raba fili uku, a ƙone kashi ɗaya kawai a shekara, a bar biyu. Tsutsotsin da suke kashin da aka ƙone yawancinsu sukan mutu. Amma da bazara lufin yakan fito a nan da ƙarfi, babu mai danne shi, matan da suka tashi daga kashi biyun da aka bari kuwa su garzayo su cika shi da ƙwai. Hasarar bana ta zama ribar baɗi.

Inda ba dama a sa wuta, akan yanke ciyawa da inji bayan lufin ya bushe, a ɗaga wuƙar sama yadda ba za ta taɓa masu barci a ƙasa ba. Akan sare itatuwan da suka kutso, a tuge sarƙaƙiya. Akan tara irin lufin a rena shi a lambu. Fatar irin tana da tauri, saboda haka sai an ɗan kankare ta kafin ruwa ya shiga ya tsiro. Akan kuma shuka waɗansu furannin jeji na asalin wurin, domin manyan ƙwarin su sami abin sha. Ana ƙoƙari sababbin wurare su zama kusa da juna, kamar duwatsun da ake takawa a ƙetare rafi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati tana da gandu kamar Baskett Slough kusa da birnin Salem, inda ake kula da su, amma da yawa daga wuraren da lufin ya rage a ƙasar mutane suke, sai da yardar masu gona. A wata gonar shanun madara a jihar Washinton, makiyayan sun lura shanu suna cinye doguwar ciyawa su bar lufin, gama ba sa son ɗacinsa. Da aka tsara lokacin shigar shanu da fitarsu, sai kiwon ya yi aikin da wuta take yi. Jikokin Kalafuya ma, a cikin haɗaɗɗun ƙabilun Grand Ronde, suna da lambun renon tsire-tsiren ƙasarsu, sun kuma komo ga sa wuta irin ta kakanninsu a waɗansu filaye.

Aikin ya yi albarka. Yawan shuɗin Fender ya ninka fiye da sau uku, wani ɓangare saboda gyaran fili, wani kuma saboda an gano wuraren da ba a san da su ba. A shekarar 2023 aka sauko da shi daga layin masu bakin ƙarewa zuwa na masu cikin hatsari. Lufin na Kincaid kuwa yana nan a layinsa na dā. Ba a gama ba, ba kuwa za a gama ba, gama ranar da aka daina kula, ranar sarƙaƙiya za ta fara komowa.

Wuta Da Wuta

Kada wani ya karanta wannan ya ce, ashe ƙona daji abin kirki ne. Mu ma mun san wutar daji, mun kuma san ɓarnarta. Yaro ya ƙyasta ashana a tsakiyar rani domin gafiya guda, iskar hunturu ta ɗauki wutar, ta cinye ciyawar dabbobi, da 'ya'yan itatuwa, da karan da aka tara, wani lokaci har da rumbu. Wutar da muka ba da labari dabam take. Masu ita sun san watan da ya dace, sun duba iska, sun share gefe, sun tsaya da ruwa, sun kuma san abin da za su bari bai ƙone ba. Wuta iri ɗaya ce. Sani da ma'auni ne suka raba su.

Akwai kuma abin lura game da dattawa. Sanin da Kalafuya suke da shi ba a rubuce yake ba, a ka yake da hannu. Da aka kawar da mutanen, sanin ya kusa tafiya tare da su, sai da masana suka sha wahalar shekaru kafin su gane abin da tsofaffin matan kwarin suka sani tun suna yara. Gaskiya ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Saboda haka ga ɗan aiki domin iyali. In lokacin wake ya yi, ku tuge guda ɗaya a hankali, ku wanke saiwar, ku nuna wa yara 'yan ƙulle-ƙullen nan, ku faɗa musu aikinsu. Ku juya ganye ku ga ko wa ya ajiye ƙwai a bayansa. Da dare kuma, bayan an ci tuwo, ku tambayi Kaka ko Baba Tsoho waɗanne ganyaye da furanni ne suke gani a bayan gari sa'ad da suke yara, waɗanda yanzu sai an yi tafiya kafin a same su. Ku sa ɗan makaranta ya rubuta sunayen, da inda suke tsirowa, da amfaninsu, da yadda ake kula da wurin a dā. Halittar da Allah ya sa a hannunmu tana da yawa, ba kuwa za mu iya kiyaye abin da muka manta sunansa ba.